Hattara da 'yan damfarar fikof ɗin jitar feda

Jama'a, musamman makaɗa da masu situdiyo da ke sayen kayan kiɗa daga Amurka, a kula. Akwai wata damfara da ta daɗe tana cin masu jitar feda, wato jitar nan ta kwance da ake kaɗawa da guntun ƙarfe ana taka feda, wadda birnin Nashville na Amurka ne cibiyarta, a Najeriya kuma ƙungiyar King Sunny Ade ce ta sa aka san muryarta. Masu kaɗa ta ba su da yawa, kayan gyaranta ma ba a kowane shago ake samu ba. Da wannan ƙarancin ɗan damfara yake cin abinci.

Ga yadda take tafiya. Fikof ɗinka, na'urar maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiya tana ɗaukar sauti zuwa amfilifaya, ya mutu ko ƙuginsa ya ishe ka. Ka sa cigiya a intanet cewa kana neman wani. Kafin ka ajiye waya saƙo ya shigo daga wani da ya buɗe shafi shekaranjiya: "Abokina yana da irinsa sabo fil, ga imel ɗinsa." Shi da abokin mutum ɗaya ne. Zai turo hoto mai kyau na fikof samfurin E-66 na kamfanin George L's ko 710 na Bill Lawrence, hoton da ya kwafo daga tsohuwar tallar wani, ya yanka farashi ƙasa da na kasuwa, ya ce akwai wani mai so, ka gaggauta. Araha ba ta ado.

Wajen biya ne asiri ke fara tonuwa. Zai nace sai ta hanyar "abokai da dangi" ta PayPal, ko katin kyauta, ko kirifto. PayPal ba ya kare mai saye idan ya tura kuɗi ta wannan hanya. Kariyar tana ga ɗaya hanyar, ta biyan "kaya da aiki", inda kake da kwana 180 na shigar da ƙorafi. Wanda ya ƙi wannan, ko da ka ce kai za ka ɗauki ɗan cajin, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne.

Amma abin da ya fi tasiri a wurina shi ne tambaya, domin mutanen nan ba su san jitar ba. Tambayoyin da dole ka yi kafin ka zaɓi fikof su ne dai ke kama su. Na tsirkiya 10 ne ko 12? Faffaɗan mazauni gare shi ko siriri? Kamfanoni ba su haɗu a kan awo ɗaya ba, wanda ya zauna daram a wata jitar ramukan sukurunsa ba za su dace da wata ba. Koyil, wato naɗin siririyar wayar da ke cikinsa, ɗaya ne ko biyu? Mai koyil ɗaya muryarsa garau take, amma yana kwasar ƙugin wuta, kuma duk wanda ya taɓa kiɗa da janareta ya san ciwon kan nan. Mai koyil biyu yana kashe ƙugin. Mai kaya na gaskiya zai amsa har ya ƙara da labarin jitar da ya cire shi daga ciki. Ɗan damfara kuwa duk abin da ka ce sai ya ce "e, ya yi daidai". Gwada shi: tambaye shi ko zai shiga jita mai tsirkiya 12, bayan ya ce na 10 ne.

Sannan ka nemi sabon hoto: fikof ɗin a kife, wayoyinsa biyu a maƙale da mitar da masu gyaran lantarki ke awo da ita, lambar tana nunawa, ga takarda a gefe da sunanka da kwanan wata da rubutun hannu. Fikof ɗin jitar feda yawanci yana nuna kilo-om 16 zuwa 20, na jitar hannu mai koyil ɗaya kuwa wajen 6 ne. Wannan hoto zai kuma tsare ka daga mayaudari na biyu, wanda kayan yana hannunsa da gaske amma siririyar wayar koyil ta tsinke a ciki. Daga waje lafiya lau, mita kuwa ba za ta nuna komai ba, sai an sake naɗa shi, kuma samun mai wannan aiki a kusa wani jidali ne.

Idan ka riga ka tura kuɗi, kada ka ƙara ko sisi da sunan kuɗin kwastan ko inshorar kaya, domin zagaye na biyu ke nan. Adana saƙonnin da rasit, ka sanar da bankinka a ranar, ka kuma shaida wa masu kula da wurin da ka sa cigiyar su rufe shafinsa.