Gidan haɗaka ko kondo a New York?

Ana yawan tambaya wanne ya fi. A gidan haɗaka, wato ko-of, hannun jarin kamfanin da ya mallaki benen kake saya, ba ɗakin ba. Ya fi araha, amma sai kwamitin kamfanin ya amince: takardun harajin shekara 2, bayanan banki, wasiƙun shaida, sannan ganawa ido da ido. Suna iya ƙin ka ba tare da faɗin dalili ba, bayan ka biya lauya. Kuɗin kafin alƙalami yakan kai kashi 20 cikin 100, ba da haya kuma sai da izini.

Kondo, wato ɗakin da kake saya kai tsaye a bene, mallakarka ce, da takardarta. Ta fi tsada, amma sayarwa da zuba ɗan haya babu wahala.

Mai tsayayyen albashi da niyyar zama, ko-of. Mai son ba da haya ko mazaunin ƙasar waje, kondo.