Yoyon baƙin mai a bakin giyabos: gaskit ɗin tof-koba ne ko sil ɗin bayan kuranshaf?

Ɗan'uwa, ka ce Hilux ɗinka mai injin 2KD tana barin tabon baƙin mai duk inda ta kwana, daidai mahaɗar inji da giyabos. Bakanike ɗaya ya ce sil ɗin bayan kuranshaf ne, wato zoben da ke tare mai a inda sandar juyin inji ta fito ta baya, sai an sauke giyabos, ɗayan ya ce gaskit ɗin tof-koba ne kawai, wato shimfiɗar da ke tare mai a ƙarƙashin murfin saman inji. Kana tambaya wa za ka bi. Ni dai a ganina kada ka bari a kwance ko noti ɗaya sai an wanke injin, domin a halin da yake yanzu su duka biyun hasashe suke yi.

Abin da ke rikita mutane shi ne duk a wuri ɗaya suke ɗiga. Injin irin wannan mota a miƙe yake daga gaba zuwa baya, kuma ya ɗan karkata ta baya. Ga iskar fanka, ga iskar hanya. Duk man da ya tsere daga sama sai ya gangaro ta bayan hed (kan inji), ya bi jikin bulok (gangar inji), ya hau ƙoƙon da ya rufe kuloci, ya taru a ƙasansa ya ɗiga. Wanda ya kwanta ƙarƙashin mota ya ga ɗigo a nan, sil ɗin baya zai fara zargi, ko da sil ɗin lafiyarsa ƙalau.

Bambancin yana ga inda ya jiƙe. Idan tof-koba ce, bayan ƙoƙon ne ke jiƙewa, tun daga sama har ƙasa, kuma za ka tarar ƙura ta manne ta yi kauri, saboda yoyon a hankali yake tsatsafowa tsawon watanni. Ka bari inji ya huce, ka zura hannu bayan hed ka shafa, ko ka leƙa da ɗan madubi da tocila. Wani lokacin har ƙaurin mai za ka ji in ya taɓa bakin salansa. Idan kuwa sil ne, sama a bushe take, man daga cikin ƙoƙon yake fitowa ta 'yar kafar da ke ƙasansa. A cire kik a haska ciki ta gurbinsa: za a ga fulawil, babban faifan ƙarfen da kuloci ke manne da shi, ta watsa mai ta zagaye bangon ƙoƙon. Sil ya fi yoyo lokacin da inji ke aiki, musamman bayan doguwar tafiya, abin da kake gani da safe ragowar da ta taru ce. In ya yi nisa kuloci kan fara sulɓi a hawa ko karkarwa wajen tashi. Tof-koba ba kasafai take kai ga haka ba.

Kafin ma a je nan, ka dangwala yatsa ka shinshina. Man injin dizal kan yi baƙi ƙirin jim kaɗan bayan an yi juye, saboda toka-tokar ƙuna da yake kwasa. Man giya ruwan zuma ne mai warin kibiritu, na otomatik kuma yawanci ja. In ɗayan waɗannan biyun ka gani, to sil ɗin gaban giyabos ne ke yoyo, injinka ba ruwansa.

Gwajin da ke raba gardama ba wuya gare shi. A wanke bayan inji da ƙoƙon tas, a busar, a barbaɗa farar hoda a bayan hed da gefen bulok da bakin som, wato kaskon mai na ƙasan inji. A tayar da mota ta yi zafi, a yi tafiyar minti 15 zuwa 20, a dawo a duba. Wurin da ya fi sama da hodar ta yi baƙi, nan ne tushen. Akwai kuma rini da ake zubawa cikin mai a haska da fitilar UV mai sa rinin ƙyalli, ya fi dacewa da yoyo mai jinkiri, sai dai baƙin man dizal kan dusashe haskensa. Sau da yawa ma hodar kan tona wani na uku da ba wanda ya ambata: bututun da ke kai wa turbo mai ko mai mayar da shi, suwic ɗin gejin mai, ko gindin filta.

Ta fuskar aiki kuwa, tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Tof-koba aikin 'yan sa'o'i ne daga sama. Amma a injin KD irin naka akwai abin lura: nozul, masu fesa dizal, suna ƙarƙashin murfin, bututansu ta jikinsa suke ratsawa, kowanne da robarsa. Robobin nan huɗu kan bushe su yi yoyo kamar gaskit ɗin, don haka a canza su tare. Matsin dizal ɗin da ke cikin bututan kan haura bar 1,000 (bar ma'aunin matsi ne), ba a sassauta su inji na aiki, kuma in an cire a toshe bakunan kada ƙura ta shiga. Notunan murfin ɗauri kaɗan suke so, wajen 9 zuwa 10 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri. Masu danne su da ƙarfi wai don yoyo ya tsaya, su ke lanƙwasa murfi. Haka masu lafta gam ko'ina: abin da ya tsattso ta ciki yana ɓallewa ya tafi ya toshe rariyar famfon mai. A kusurwoyi kaɗai ake ɗan ɗiga shi.

Sil ɗin baya kuwa ɗan zobe ne da bai fi tafin hannu ba, amma kafin a kai gare shi sai an sauke furofela (sandar da ke kai juyi ga ƙafafu) da giyabos da kuloci da fulawil, in mai jan ƙafa huɗu ce har da akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya. Yini guda ne. Tunda an buɗe, a duba wuyan kuranshaf da farce. In tsohon sil ya ci masa zobe, sabon ma zai yi yoyo, sai an sa masa 'yar rigar ƙarfe ko a zaunar da sil ɗin ya ɗan kauce wa ramin. Sil na roba ana shafa wa leɓensa mai, na PTFE, wani irin filastik mai santsi, a bushe ake sa shi, a duba takardar da ta zo da shi. Faifan kuloci da ya sha mai ba ya wankuwa, a canza shi da boris ɗinsa lokaci ɗaya.

Akwai abin da bakanikan naka biyu ba su faɗa ba, kuma shi na fi damuwa da shi: me ya turo man waje? Hayaƙi kan sulale ta gefen ringin fistin ya sauka cikin bulok, bututun numfashin da ke kan tof-koba shi ke fitar da shi. In ya toshe, ko hayaƙin ya fi ƙarfinsa, matsin zai nemi mafita ta gaskit ko ta sil, duk wanda ya fi rauni. Ka sa sabon sil a irin wannan inji, aikin baban giwa ka yi. Inji na aiki da zafinsa, ka kwance murfin zuba mai ka ɗora shi a bakin ba tare da ɗauri ba. Ɗan rawa da tururi kaɗan ba komai ba ne a dizal. In yana wurgi da murfin yana bulbulo hayaƙi, akwai magana. A injin KD ba lallai ringi ba ne: zoben jan ƙarfen da ke ƙarƙashin nozul kan saki, hayaƙi ya shiga ƙarƙashin murfi, man ya daskare ya toshe rariya, har inji ya rasa mai. Ka duba geji kuma, wato tsinken auna mai. In mai ya wuce layin sama, ko an cika shi fiye da kima ne, ko dizal ke zuba ciki yana tsinka shi.

In hodar ta nuna tof-koba, za ka iya ci gaba da hawa zuwa ranar da ka shirya, muddin kana duba geji kowace safiya kuma man ba ya zuba kan salansa. In daga cikin ƙoƙo yake fitowa, kada ka jira kuloci ya fara sulɓi. Ka ɗauko mana hoton bayan hed da na ƙasan ƙoƙon bayan an yi gwajin, ka kuma faɗa mana yadda murfin mai ya yi.