Thunderbird da imel ɗin ofis: ranar da saƙo ya ƙi fita

Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin kamfanin kayan gini a Kano, kuma tun da muka koma imel mai ɗauke da sunan kamfani na ɗora wa yawancin ma'aikata Thunderbird, manhajar karɓa da aika imel a kwamfuta. Da farko kuɗi na duba: kyauta ce, babu lasisin da za a riƙa sabuntawa duk shekara. Daga baya ne na ga wani amfaninta da ya fi wannan, wato idan haɗi da saba (kwamfutar da ke karɓa da tura imel ɗinmu) ya tsaya ba ta ɓoye maka inda za ka taɓa.

Reshenmu ya sauya kamfanin intanet, washegari akanta ta kira ni. "Malam, ko an canza mini kalmar sirri ne? Saƙo na shigowa amma nawa ya ƙi tafiya, ga takardar farashi ana jira a Legas." Na ce, "Hajiya, da kalmar sirri ce, ai shigowar ma ba za ki gani ba." Karɓa da aikawa kowanne da ƙofarsa a jikin saba, wato lambar da ake kira Port. Nata na karɓa ta IMAP, tsarin karanta saƙo daga saba, a ƙofa ta 993, wannan lafiya lau. Na aikawa kuwa wanda ya fara saita mata tun shekarun baya ya bar shi a ƙofa ta 25. Ita wannan ƙofa ta saba da saba ce, kuma kamfanonin intanet da yawa suna toshe ta ga kwastomomi saboda kwamfutocin da ƙwayar cuta ta kama suna watsa saƙonnin banza ta nan. Tsohon layinmu ya bar ta a buɗe, sabon ya rufe, shi ke nan.

A nan Thunderbird ta burge ni. Cikin Account Settings, can ƙasan jerin da ke hagu, akwai Outgoing Server (SMTP), wato saitin aika saƙo. Kana danna Edit sai ga sunan saba, gurbin Port, irin tsaron haɗi da hanyar tantancewa duk a taga ɗaya. Ta waya na bi da Hajiya, ta sa 587 ta zaɓi STARTTLS a gurbin tsaron haɗi, saƙon ya wuce kafin mu ajiye wayar. Kuma idan ka sauya irin tsaron, manhajar na nuna maka lambar da ta dace da shi, abin da ke hana kuskuren da nake yawan tararwa a kwamfutocin mutane: 465 haɗe da STARTTLS. Ba sa tafiya tare. Ƙofa ta 465 tana son a rufe magana da sirri tun daga kalmar farko, don haka SSL/TLS, ɗaya zaɓin tsaron, ake ba ta. Ta 587 kuwa a fili ake fara gaisawa, sannan a koma sirri. In ka cakuɗa su, kowane ɓangare zai zauna jiran ɗan'uwansa har lokaci ya ƙare. Tun 2018 hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta ba da shawarar a fifita 465, amma ni duk wadda sabarku ta buɗe a cikin biyun ta wadatar.

Inda Thunderbird ba ta kai ba shi ne bayanin dalili. Za ta ce lokacin haɗi ya ƙare, amma ba za ta bambance maka saba ce ta mutu, rauta (na'urar da ke raba intanet a ofis) ce ta hana, ko manhajar kashe ƙwayar cuta ce ta shiga tsakani ba. Wannan sai ka fita waje. Ina buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, in rubuta Test-NetConnection da sunan saba da -Port 587. In layin TcpTestSucceeded ya nuna False a wayfai na ofis, sai in kunna datar wayata in jona kwamfutar in sake gwadawa. Ya koma True? To laifin na layin ofis ne, kada ka ɓata lokaci kana goge akawun kana sake saitawa, kamar yadda wasu masu gyara ke yi su caji kuɗi.

Akwai kuma gargaɗin satifiket, wato shaidar da saba ke nunawa cewa ita ce ta gaskiya; wannan gargaɗi ma'aikata suka fi tsana. Wani lokaci dalilin abin dariya ne: ƙaramin batirin cikin kwamfutar tebur ya mutu, ana ɗauke wuta agogo ya koma shekarun baya, sai satifiket mai kyau ya zama kamar na bogi. Gyara kwanan wata kawai. Wani lokacin kuma saba ce ta haya da kamfanoni da yawa ke zaune a kanta, satifiket ɗin na ɗauke da sunan mai sabar, kai kuma ka rubuta sunan kamfaninku. Thunderbird za ta ba ka damar amincewa da shi a haka. Ban yarda ma'aikaci ya danna wannan ba. A tambayi mai saba ainihin sunan, a sa shi. Haka nan tun fitowarta ta 78 a 2020 Thunderbird ba ta karɓar tsofaffin tsarin tsaro TLS 1.0 da 1.1 sai an tilasta mata ta Config Editor, wurin saitinta na ciki. Ana iya yi, amma sabar da har yau ba ta wuce nan ba ita ce ke buƙatar gyara.

Masu Microsoft 365 su sani cewa tun Oktoba 2022 kalmar sirri kaɗai ba ta shiga IMAP da POP (ɗaya tsarin karɓar saƙo), sai an zaɓi OAuth2 a gurbin hanyar tantancewa, kuma dole mai kula da tsarin ya buɗe wa akawun ɗin IMAP da aikawa ta SMTP. Ofishin da aikinsa ya rataya a kan kalandar Exchange ta Microsoft da shirya taruka, gara ya zauna da Outlook, manhajar imel ta Microsoft. Mu da aikinmu aika rasit da takardar farashi ne, na bar kowa a kan 993 da 587, na kuma rubuta lambobin a takarda na manna a bangon kowane reshe.