Tiyon mai na R9: shekara biyu da ɗaura shi a tsohuwar motata

Tun gurɓataccen fetur ɗin nan mai methanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 na fara jin warin mai a cikin mota, musamman idan ta yini a rana. Na yi ta ɗaga ƙafa har ranar da bakanikena ya buɗe bonet, ya matsa tiyon mai da yatsa biyu. Ya kumbura, ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, kuma da ya yanka shi sai ga baƙin gari na zubowa daga ciki. Ya ce, "Alhaji, wannan garin ne ke toshe maka injekta."

Wanda muka fara sawa irin na gama-gari ne, robar nitrile, mai lamba J30R7 a jikinsa. Bai kai ko'ina ba ya fara tsattsagewa a bakin kilif. Daga nan ne na nemi mai lamba SAE J30R9, na same shi a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano bayan na zaga shaguna da dama.

Bambancin yana ciki. An shimfiɗa masa siririn rufi na robar FKM, wadda aka fi sani da Viton, kuma barasar ethanol da ake gaurayawa da fetur ba ta jiƙa ta balle ta kumbura. An yi shi ne don matsin injekta, shi kuwa R7 na masu kafireto ne. Ƙasashen da suka rungumi irin wannan mai, kamar Brazil da ethanol ɗin fetur ɗinta ya haura kashi 25 cikin 100, da Ingila da ta koma E10, wato fetur mai ethanol har kashi 10 cikin 100, a 2021, dole ta sa motocinsu suka dogara da irin waɗannan robobi da bututun nailan.

Tiyon nan na R9 ya ga zafin Afrilu sau biyu a Kano. Makon jiya na sa aka kwance shi don in gani da idona: cikinsa sumul, bai saki gari ba, warin ma ya ɗauke.

Kuɗinsa ya ninka na gama-garin, kuma yana da tauri, sai an sha wahala kafin ya shiga bakin ƙarfe. Abin da ya fi damuna shi ne jabu. Na riƙe wani da aka buga wa R9 a jiki, amma cikinsa babu rufin ko kaɗan. Ku sa mai shago ya yanka muku ɗan guntu, ku duba bakin yankan a haske kafin ku biya.