Wata Takwas da Mazurarin Guguwa a Kan Ƙurar Zarton Zane

Tun watan Oktoban bara nake amfani da wani ɗan mazurarin roba da ake ɗorawa a kan bokiti domin raba garin katako da iska, kuma yanzu da ya ga hunturu, ya ga bazara, ya shigo damina, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi abin da ya iya da abin da bai iya ba. Wurin aikina ɗaki ne guda a cikin gida a Zariya, mai taga ɗaya, kuma bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin da yarana suke kwana. A nan nake yanka sunayen ado na suna da biki, da haruffan koyon karatu, da taswirar Najeriya mai gutsattsarin jihohi 36 da ake harhaɗawa. Duk wannan da injin zarton zane nake yin sa, wato injin nan mai siririn zarto kamar tsinke, wanda yake hawa da sauka ta wata ƙaramar kafa a tsakiyar teburinsa.

Wanda bai zauna a gaban wannan inji ba zai ɗauka ba shi da wata ƙura ta a zo a gani, domin ba ya watsa ɓawon katako kamar injin fira, kuma ba ya tara tsibin dusa kamar zarton 'yan katako. Amma haƙoransa ƙanana ne ƙwarai, kuma yana iya hawa da sauka fiye da sau 1,500 a cikin minti ɗaya, saboda haka abin da yake fitarwa gari ne mai laushi kamar fulawa, mai aiki kuwa yana sunkuye, hancinsa bai wuce taƙi biyu daga zarton ba, wani lokaci har tsawon awa uku. Akwai kuma ɗan zugazugi a jikin injin da yake hura iska ta wani siririn tiyo domin share layin zane. Aikinsa yana da amfani ga ido, sai dai garin da ya hure daga kan katako cikin iskar ɗaki yake komawa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wata safiya da na shafa yatsa a kan akwatin littattafan 'yata a ɗakinsu, na ga ya fito da jan gari, alhali madaci na yanka a daren jiya kuma ƙofata a rufe take.

Da na bincika, sai na tarar damuwar tana da tushe. Tun a 1995 Hukumar Binciken Cutar Daji ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa, wadda take ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sanya ƙurar katako a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam, musamman a hanci da kogunan da ke kewaye da shi. Katakon obeche da iroko, waɗanda suke cike da kasuwanninmu, an san ƙurarsu tana jawo wa masu aiki da su asma, allon MDF kuwa, wanda ake yi da garin katako da aka matse, gam ɗin da aka manne shi da shi yana ɗauke da sinadarin fomaldihaid. A Tarayyar Turai, daga 2023, iyakar ƙurar katako mai tauri da doka ta yarda ma'aikaci ya shaƙa ita ce miligiram 2 a cikin iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya. Ni dai na tabbata ɗakina ya wuce wannan nesa ba kusa ba, tunda ina ganin ƙurar da idona a cikin hasken taga.

Da farko injin zuƙar ƙura na saya, mai ƙarfin wat 1,200, na haɗa tiyonsa kai tsaye da kafar milimita 35 da ke ƙarƙashin teburin zarton. Daren farko na yi murna, a dare na uku kuwa ƙarfin zuƙar ya ragu har ana iya ji a tafin hannu, domin garin ya liƙe a jikin matatar da ke tace iska a cikin injin ya toshe ta kamar an shafa mata kunu. Sai na riƙa fita da ita tsakar gida ina kakkaɓewa, wanda hakan yake mayar da ƙurar da na sha wahalar tarawa cikin iskar gidan da nake son karewa. Wannan ne ya sa na yi odar mazurarin.

Abu ne mai sauƙin gini, kuma babu wani sashe a cikinsa da yake motsi. Tsayinsa bai kai kamu ɗaya ba, yana da baki a gefe wanda iska mai gari take shiga, da baki a sama wanda yake tafiya zuwa injin zuƙa, da buɗaɗɗen gindi da yake zama a kan murfin bokiti. Da yake iskar ta gefe take shigowa, sai ta riƙa kewaya bangon mazurarin kamar guguwa, garin da yake da nauyi ya manne da bango yana gangarowa har ya faɗa bokiti, iskar kuma ta juyo ta tsakiya ta fice ta sama. Wanda na samu na roba ne mai ɗan haske, ana hango garin yana murɗawa a ciki kamar igiya, kuma har yau idan na kunna shi nakan tsaya in kalla.

Haɗa shi ne ya ci mini lokaci, kuma a nan ne nake da ƙorafi a kan masu sayar da shi. Babu takardar bayani ko ɗaya a cikin kwalin, robar da aka sako domin toshe tsakanin gindinsa da murfi siririya ce ainun, kuma bakunansa ba su dace da tiyon injina ba, sai da na je wurin mai sayar da kayan famfo muka yi ta gwada mahaɗai kafin muka dace. Na yanko robar tsohon tub na babur na yi masa sabon matoshi, domin idan iska tana shiga ta gefen murfi ko da kaɗan ne, za ta tayar da garin da ya kwanta a bokiti ta wuce da shi matatar injin, amfanin mazurarin ya tafi a banza. Bokitin fenti mai lita 20 na fara sa wa. Ranar da wani guntun katako ya toshe bakin tiyo, sai na ji ƙara, na duba na ga bokitin ya lotse ya shige ciki kamar gwangwanin da aka taka. Maganin da na yi shi ne na yanka zobe biyu na filawud da zarton kansa na tura su cikin sabon bokiti suka tokare bangonsa, kuma tun daga ranar bai sake lotsewa ba. Wanda yake da ƙaramar durom ta ƙarfe mai murfin da ake ɗaurewa, ita ta fi.

Sai dai abin da ya fi canza yanayin ɗakin shi ne inda na ajiye bakunan zuƙa. Haƙoran zarton zane ƙasa suke kallo, yankan yana faruwa ne lokacin da yake sauka, shi ya sa mafi yawan gari ƙarƙashin teburi yake zuba. Amma ni na fi amfani da zarto mai 'yan haƙora a ƙasa da suke kallon sama, domin shi ne yake hana bayan filawud tsagewa, shi kuwa yana ɗago gari zuwa saman katako, daidai inda fuskata take. Saboda haka na raba tiyon gida biyu da mahaɗi mai reshe. Reshe ɗaya ya tafi ƙasa, na kai bakinsa kusa da maɗaurin zarto na ƙasa gwargwadon yadda ba zai taɓa shi ba ko da na karkata teburi. Ɗayan kuma na bi da shi ta saman hannun injin da bututun famfo, na ƙarasa shi da tiyon nan mai gaɓoɓi da masu injin tunin ƙarfe suke zuba ruwan sanyaya da shi, wanda duk inda ka lanƙwasa shi nan zai tsaya. Bakinsa yana zama kamar yatsa biyu daga zarton, a gefen dama, ɗan zugazugin kuma na juya shi ya koma hagu yana huro garin zuwa cikin bakin, maimakon zuwa ƙirjina. Idan bakin ya yi nisan taƙi guda, kusan babu abin da yake kamawa, domin ƙarfin zuƙa yana mutuwa da wuri da zarar an matsa daga bakin tiyo.

Akwai darasi guda da na koya da asara. Ina cikin yanka taswira, na gama fitar da jihar Legas, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa, sai bakin sama ya ɗauke ta, na ji tana ƙwanƙwasa cikin tiyo har ta faɗa bokiti. Na same ta a cikin gari, amma gefenta ya ɓantare, dole na sake yanka wata. Tun daga nan na ɗaura guntun ragar taga mai manyan idanu a bakin, wadda take barin gari ya wuce ta tare gutsattsari.

Game da aikin da aka saye shi dominsa, mazurarin ya cika alkawari, kuma ina faɗin haka da zuciya ɗaya. A wata takwas na zubar da bokitin sau da dama, amma idan na buɗe cikin injin zuƙar abin da nake tararwa bai cika tafin hannu ba, matatar da a da take toshewa cikin dare uku yanzu takan yi makonni ban taɓa ta ba. Layin zane yana fita sarai, ba na tsayawa ina hura shi da baki, kuma akwatin littattafan nan ya daina yin ja. Yana rage ƙarfin zuƙa kaɗan, tunda iskar tana yin doguwar hanya, amma ƙarfin da ya saura yana nan daram daga farkon aiki zuwa ƙarshensa.

Inda nake so mai karatu ya yi hattara shi ne tunanin cewa mazurarin yana kare huhu. Matatar injin zuƙa yake karewa. Ƙurar da ta fi cutarwa ita ce wadda ƙanƙantarta ta gaza maikiron 10 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), alhali kaurin gashin kai yakan kai maikiron 50 zuwa 70, kuma mafi ƙanƙantar wannan ƙura ba ta da nauyin da guguwa za ta jefa ta bango, sai ta bi iska ta wuce. Na gane haka ne wani dare da na kashe fitilar ɗaki na haska tocila a bayan injin zuƙar yana aiki, na ga wani siririn hazo yana fita daga inda yake fitar da iska. Wato matatar da ta zo da injin tana barin ta wuce, injin kuma yana watsa ta cikin ɗaki da ƙarfi. Na musanya ta da matata mai darajar HEPA, wadda ma'auninta na Amurka shi ne ta tare kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3, sannan na jona tiyo a mafitar iskar na fitar da shi ta taga zuwa bayan gida, inda babu mai zama. Wanda zai sayi sabon inji kuma yana da hali, ya nemi mai alamar rukunin M, domin shi ne aka tanada don ƙurar katako, kuma abin da yake bari ya wuce bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. Duk da haka, ranar da zan yanka MDF ko iroko sai na sa takunkumin FFP2 mai tace ƙura mai laushi, kuma ba na barin yara su shigo.

Ƙara da wuta su ne sauran nauyin da mutum zai ɗauka. Zarton zane inji ne mai natsuwa, kana aiki kana jin rediyo, amma injin zuƙa yana da kuka, kuma idan an matse bakin tiyo ya yi siriri sai kukan ya koma fito mai shiga kunne, jikin injin kuma ya ɗauki zafi. Na faɗaɗa bakin sama kaɗan, na sa wa injin na'urar rage gudu, na kuma haɗa shi da zarton a makunni ɗaya na ƙafa, ta yadda ba ya aiki sai lokacin da nake yanka, wanda hakan yana da muhimmanci ga aikin da ake yawan tsayawa ana zare zarto ana zura shi a wata huda. Ta fuskar wuta kuwa, injin zuƙar yana cin ninkin abin da zarton yake ci sau da yawa, ƙaramin janareto ba ya iya tayar da shi, don haka ranar da babu wutar gari nakan ɗage yankan in yi zane ko fenti.

Yanayi ma yana da nasa tasiri. A tsakiyar hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙarau, gogar gari a cikin tiyon roba tana tara wuta a jikinsa, idan hannu ya taɓa sai ka ji ta tsunkule ka, garin kuma ya manne a bayan mazurarin. Na naɗa wayar tagulla marar riga a jikin tiyon na haɗa ta da wayar ƙasa, abin ya ragu sosai. Da damina ta shigo sai matsalar ta juya, garin yana shan laima yana dunƙulewa a gindin bokiti, shi ya sa nake zubar da shi duk ƙarshen mako ko bai cika ba. Kafin in buɗe murfin nakan jira minti goma bayan kashe inji domin abin da yake yawo ya kwanta, in fita da bokitin waje da takunkumi a fuskata, in yayyafa ruwa a kai, sannan in juye a buhu in ɗaure. Garin madaci da na obeche ina ba maƙwabcina mai lambu yana haɗawa da taki, na MDF da filawud kuwa ba na ba kowa saboda gam ɗin da ke cikinsu.

Ga wanda yake da zarton zane a cikin gida kuma ya riga ya mallaki injin zuƙa, ina ba shi shawara ya sayi wannan mazurari, amma ya sa kuɗin matata mai kyau, da mahaɗan famfo, da bokiti mai ƙarfi a cikin lissafinsa tun daga farko, domin a wurina waɗannan sun fi mazurarin kansa tsada. Wanda kuɗinsa ba zai kai ga duka a lokaci ɗaya ba, ya fara da matatar da takunkumi, ya kawo bakin tiyo kusa da zarto sama da ƙasa, mazurarin ya biyo baya idan hali ya samu. Abin da ya rage mini yanzu shi ne in gina wa injin zuƙar akwati mai rufin soso a ciki da kafar shan iska, domin in iya aiki bayan sallar isha'i ba tare da kukansa ya ratsa bango ya tashi yara ba.