Wata Uku Ina Koyon "Phrasal Verbs" da Manhajar Waya: Abin da Na Gani

Abin da ya sa na sauke wannan manhaja shi ne wani saƙo da ya shigo ofishinmu yana cewa taron da muka shirya "has been called off". Na san ma'anar "call", na kuma san ma'anar "off", amma har na fara haɗa takardun da zan tafi da su kafin abokin aikina ya sanar da ni cewa soke taron aka yi. Irin waɗannan kalmomi su ne Turawa ke kira "phrasal verbs", wato aikatau da ake jingina masa ƙaramar kalma kamar "up", "off" ko "out", sai ma'anarsa ta sauya, wani lokacin ma ta yi nisa ƙwarai da asalinta.

Babban abin da ya burge ni shi ne manhajar ba ta ba mutum dogon jeri ya haddace, kamar yadda muka yi lokacin shirin jarrabawar WAEC, muka kuma manta bayan mun fito. Kowace kalma tana zuwa ne a cikin gajeriyar hira, da murya, sannan a nuna fuskokinta ɗaya bayan ɗaya. A nan na gane cewa "take off" na nufin tuɓe riga, yana kuma nufin tashin jirgin sama. "Turn down" na nufin rage ƙarar rediyo, yana kuma nufin ƙin karɓar tayi. "Make up" kuwa ya haɗa ƙirƙiro labari da shiryawa bayan saɓani. Da farko abin ya ɗaure mini kai, har sai da na tuna cewa mu ma haka muke yi da "ci" da "sha". Wanda ya ci bashi, ko ya ci amana, ko ya ci jarrabawa, babu abin da ya sa a baki, haka ma wanda ya sha wahala ko ya fita shan iska. Tun daga ranar na daina neman ma'ana a cikin guntayen kalmar, na koma kallon jimlar gaba ɗaya, kuma a ganina wannan ne ainihin abin da manhajar ta koya mini.

Darasin da ya fi yi mini amfani shi ne na inda ake sa wakilin suna. Ana iya cewa "turn off the light" ko "turn the light off", amma da zarar an yi amfani da "it", dole ta shiga tsakiya, a ce "turn it off". Wasu kuma, irin su "look after", ba a raba su ko kaɗan. Manhajar ta kuma nuna cewa a takardar hukuma an fi son "postpone" (ɗagewa) da "tolerate" (jurewa), alhali a hira takwarorinsu "put off" da "put up with" ne ke bakin mutane, kuma Ba'amurke yakan ce "fill out" a inda mutumin Ingila ya fi cewa "fill in" idan ana maganar cike fom.

Duk da haka, akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Bayanin duka da Turanci yake, don haka wanda bai yi nisa ba zai wahala, kuma muryoyin ba sa buɗewa sai da intanet, abin da ke cin data sosai. Abin da ya fi damuna shi ne ba ta san irin kurakuran da muke yi a Najeriya ba. Shekaru na yi ina cewa "cope up with", alhali daidai shi ne "cope with", ina kuma cewa "round up" idan ina nufin kammala taro, maimakon "round off". Ba manhajar ce ta gyara mini waɗannan ba, wata malamar Turanci ce da na nuna wa rubutuna.

Ina ba da shawararta ga ma'aikaci ko ɗalibin da ya riga ya iya karanta Turanci amma hira ke kuɓuce masa, da sharaɗin ya riƙe ɗan littafi yana rubuta jimlolin kansa, ya kuma sami wanda zai duba masa. Ni dai na sabunta rajistata na wasu wata uku, domin har yanzu ban taɓa sashen "get" ba, wanda shi ne ya fi tsawo a cikinta.