Kayan ɗaukar samfurin ƙasa don gwajin dalma: wanne ya cancanci kuɗinka?

Tun bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sannan ta sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja a 2015, ƙungiyoyi da ɗaliban jami'a da dama sun shiga auna ƙasar gidaje. Mafi yawansu hankalinsu na kan ɗakin gwaji, suna mantawa da cewa abin da aka ɗebi ƙasar da shi ma yana iya ɓata sakamako.

Ni dai zaɓina shi ne ƙaramin cokalin ɗiba na ƙarfe marar tsatsa, mai kama da cokalin magina, wanda aka ƙera da ƙarfe guda tun daga baki har mariƙi. Dalmar da ke shiga cikin yaro tana cikin ƙurar saman ƙasa ne, inda yake rarrafe yana kai hannu baki. Shi ya sa a aikin tsaftace ƙauyen Bagega na Zamfara saman ƙasa aka kankare aka zuba sabuwa. Cokalin nan yana kankaro santimita biyu zuwa biyar na sama ba tare da ya haɗo ta ƙasa ta rage ƙarfin gubar ba. Ba shi da lungun da ƙasa za ta maƙale, ana wanke shi da sabulu a ɗauraye da ruwa mai tsabta kafin a shiga gida na gaba. A haɗa masa rariya, safar hannu da leda mai zif, kowane samfur da ledarsa. In kuma zargin man fetur ne ko baƙin mai, a bar leda, a sa a kwalbar gilashi.

Mahaƙi mai murɗawa yana da amfani in kana son sanin zurfin da gubar ta kai, amma yana cakuɗa ƙasar sama da ta ƙasa. Bututun da ake takawa da ƙafa kuwa, busasshiyar ƙasarmu ta rani lanƙwasa shi take yi.

Na'urar XRF ta hannu, wadda ke auna dalma a cikin ƙasa da hasken X-ray, tana ba da adadi cikin kusan minti ɗaya, kuma da irinta aka yi aikin Zamfara. Sai dai kuɗinta dubban daloli ne, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana rage mata lissafi, kuma tunda haske mai illa take fitarwa sai da lasisin hukumar NNRA mai kula da harkokin nukiliya a Najeriya. Haya ta fi saye.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen ƙarfen. An taɓa sayar mini da wani cokali mai ƙyalli da sunan marar tsatsa, ashe shafi ne kawai, kafin damina ta ƙare ya fara ɓarewa cikin samfur. Ka je kasuwa da maganaɗisu: ƙarfe marar tsatsa mai lamba 304 da ƙyar yake kama shi, in ka ga ya manne gam ka ƙara tambaya. Kada ka karɓi mai fenti komai kyansa, domin wasu fentin da kansu akwai dalma a ciki, sai ka ɗora wa gidan bayin Allah gubar da kai ka kawo. Haka mai tagulla a jiki, ita ma sau da yawa da dalma ake haɗa ta. Wanda mai walda ya yanko daga farin bututun famfo kuma tutiya yake zubarwa. 'Yan tsinkayen nan masu canja launi da ake tallatawa a intanet, don fentin bango aka yi su, ba za su gaya maka ko dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 400 cikin miliyan ba, adadin da aka daɗe ana aiki da shi a Amurka kafin a sauko da shi 200 a 2024. Tsohuwar XRF kuwa, in mai ita ya ƙi a gwada ta a kan samfurin da aka riga aka san adadinsa, ka bar masa kayansa.